Koma Haka

Ni dai ban taɓa son fim ɗin nan ba, kuma ban ɓoye wa maigidana ba. Fim ne na Turawan da, babu kala, baƙi da fari kawai, wanda maigidana ya sa masu cajin waya na bakin tasha suka tura masa a memori lokacin da aka yanke mana sabis a Birnin Gwari. Labarin wani ɗan sanda ne mai hular malfa da doguwar riga, kullum sigari a baki, kullum ana ruwa a garinsu, kuma tun daga farko ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Turancin ta hanci suke yin sa, ni da nake koyar da Turanci a firamare ma ba na tsintar abin kirki. Abin da na fahimta dai shi ne mutumin ya yi wani abu da ya hana shi sakat, yana ta zaga gari yana neman mai laifi, alhali duk wanda ya kalli idonsa ya san inda ciwon yake.

Maigidan nawa sajan ne na 'yan sanda, kuma a shekarun nan aikinsa rakiya ne. Hanyar Kaduna ta lalace, mutanen daji sun hana kowa wucewa. Sai motoci su taru a bakin gari da safe, manya da ƙanana, a jira motar sintiri ta zo ta shige gaba, a tafi a jere kamar jerin gwano. Akwai wata gada a tsakiyar daji, a nan ake musaya: 'yan rakiyar Kaduna su karɓi namu, namu su karɓo nasu su juyo gida. Iyakar maigidana ke nan, gadar nan. Da can ina tsokanarsa ina ce masa ɗan rakiya, kowa ya wuce kai ka dawo. Sai ya yi dariya ya ce, “Malama, in na wuce wa zai ci tuwon naki mai gudaji?”

Haya muke yi a gidan wani dattijo direba, kowa Baba yake ce masa, shi da matarsa Inna. 'Ya'yansu duk sun watse, wasu Kaduna wasu Funtuwa, sai suka riƙe mu kamar su suka haife mu. Baba a kan hanyar nan ya tsufa, babu ramin da bai sani ba. Maigidana “ɗana” Baba yake ce masa, 'yarmu kuwa, wadda ita kaɗai Allah ya ba mu, ba ya dawowa daga Kaduna bai riƙo mata burodi ba.

Ni Bazazzagiya ce, a gidanmu ana yafe maka fasa tulu amma ba a yafe rashin ɗa'a. A kan haka na ɗora yarinyar nan. Gaisuwa a durƙushe, karɓar abu da hannu biyu, kuma idan babba ya tako ya raka ki, kada ki kuskura ki bar shi ya wahala. Da kun kai bakin lungu ki tsaya ki ce, “A koma haka, na gode.” Domin mai rakiya ba ya juyawa don kansa, abin kunya ne, sai baƙo ya sallame shi. In kuwa an sallame shi to ya koma, ba a musu. Akwai ranar da ta bar Inna ta bi ta har ƙofar makaranta da ciwon gwiwarta, ita kuwa tana ta zuba mata surutu. Ranar ta sha ranƙwashi, tun daga nan ba ta ƙara mantawa ba.

Ranar da abin ya faru ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, wajen la'asar, sai na ji kuka ya tashi daga wajen tasha. An tare ayarin safe, gaba kaɗan da gadar. An kwashe mutanen motocin gaba an shige daji da su, kuma motar Baba ce ta farko. Motar sintiri kuwa tun da azahar ta dawo gari, ita kaɗai, babu motocin Kaduna a bayanta, ko ƙwarzane babu a jikinta.

Waɗanda aka kwashe sun yi ta dawowa da ɗaiɗai, bayan danginsu sun sayar da abin da za su sayar, wasu a rame kamar kara, wasu ba sa iya magana. Baba bai dawo ba. Wani ya ce ya ga an ɗora shi a babur an yi wajen Kakangi da shi, wani ya ce tun a kwanakin farko ƙafarsa ta kumbura aka bar shi a baya. Ba gawa, ba labari. Inna ta rasa inda za ta tsaya: ba ta shiga takaba ba, don ba wanda ya ce mata mijinta ya rasu, ga shi kuma ba miji. Kullum sai ta share ɗakinsa ta kaɗe buzunsa ta mayar.

Bakin mutane kuwa, Allah ya raba mu da shi. Me ya sa motar sintiri ta juyo tun kafin na Kaduna su iso? Wa ya gaya wa mutanen daji cewa ayari ba shi da mai tsaro? A garin da kowa ke zargin kowa da zama infoma, wato mai kai musu rahoto, ba a daɗe ana neman suna ba. Ina isa famfo mata su yi tsit. Mai nama ya fara cika mini leda da ƙashi. Wata mata ta aiko wai a cire ɗanta daga ajina. Ni da bakina ba ya mutuwa na tare ta a kasuwa na wanke ta tas, na dawo gida ina huci, amma me na gyara? A ofishinsu an kira shi an yi masa tambayoyi, aka ce kuskure ne, a kiyaye gaba. Gari dai bai wanke shi ba.

Shi kuwa bai ce uffan ba. Ya daina zama a majalisar ƙofar gida, a masallaci sahun baya yake tsayawa, ana sallama ya sulale. Duk rakiyar da za a yi sai ya ce da shi, har ranar hutunsa. In ya dawo ya cire takalmi ya shige ɗaki ya rufe taga da rana tsaka, ya ɗauko wayar nan. Abin da ya fi ba ni haushi, ba ya bari fim ɗin ya ƙare. Akwai inda ɗan sandan ke tsayawa a bayan taga, inuwar ƙarafuna ta zane masa fuska, ka ce kaza ce a akurki. Da an zo nan sai ya mayar da shi farko. Na gaji da gidan, na gaji da garin, kuma tsoro nake ji, don na ga mutumin nan so yake daji ya cinye shi ya huta.

Wata rana da yamma haƙurina ya ƙare. Na kai masa tuwo, na je na dawo na tarar ko murfin kwanon bai ɗaga ba, ƙuda na ta bi, shi kuwa ya zuba wa Baturen nan ido. Na fizge wayar.

“Haba Yallaɓai! Wannan mai malfar ne zai ci maka tuwon? Gari na ta yagar namanmu, ni ke fita ina tare maka faɗa, kai kana nan kana kallon wani ƙato yana busa hayaƙi. Ka dube ni ka gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah. Sayar da su ka yi?”

Na ɗauka zai tashi ya fita, ko ya daka mini tsawa. Sai kawai ya ɗago ya dube ni.

“Da sayar da su na yi, Malama, ai da na san abin da zan tuba a kansa.”

Sannan ya ba ni labari. Ya ce sun isa gadar, 'yan rakiyar Kaduna ba su iso ba, ga shi ba sabis balle a kira. Aka yi ta jira, rana ta take, yara na kuka a motoci, ga wata mara lafiya ana son kai ta asibiti. Can sai Baba ya sauko daga motarsa, ya tako har inda maigidana yake tsaye shi kaɗai, ya dafa kafaɗarsa ya nuna masa gaba. Ƙura ta tashi can nesa a kan hanya. Baba ya ce, “Ga su nan tafe, ɗana. Koma haka, rakiya ta yi. Kun sha rana, Allah ya yi albarka.”

“Sai na ce, to Baba, Allah ya kiyaye hanya,” in ji shi. “Ba umarni aka ba ni ba, ba tsoro na ji ba. Dattijo ya ce in koma haka, bakina ya amsa, ƙafata ta juya, kamar a ƙofar gida muke. Ni ne babba a motar, na ce wa direba ya juya. Ashe ƙurar babura ce.”

Na zauna a bakin gado, wayar na hannuna tana ta Turancinta. Na ce, “To me ya hana ka faɗa? Ka fita ka gaya wa gari mana!”

“In ce me? In ce Baba ne ya kori 'yan rakiya? Mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa? Iyalan waɗanda suka mutu a dajin nan su dawo kan Inna? A ofis na ce ni na ga ƙura na yanke hukunci, kuma ban yi ƙarya ba. Kaki a jikina yake, ba a jikin Baba ba.” Ya karɓi wayarsa ya kashe. “Ki rantse mini ba za ki gaya wa kowa ba.”

Na rantse. Kai, ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan rantsuwar ba. Ni da ba a gaya mini ɗaya ban mayar da goma ba, sai ga shi ana yada mini magana a famfo ina sunkuyar da kai ina jan bokitina. Na san abin da zai rufe musu baki, yana nan a kan harshena, kuma ba dama.

Inna kuwa, da za ta zage shi ko sau ɗaya da ya samu sauƙi. Ina! Kullum da safe ita ke dama masa koko, ta kawo da kanta tana ɗingishi. In ya rataya bindiga zai fita sai ta biyo shi har zaure ta ce, “A dawo lafiya, Sajan. In ka je gadar ka ɗan duba mini.” Shi kuma ya russuna ya ce, “To Inna.” Kullum. Wani kofur abokin aikinsa, mutumin kudancin Kaduna, wanda matarsa ke yi mini kitso, shi ya gaya mini cewa in sun kai gadar maigidana sauka yake yi ya tsaya a fili, yana kallon daji, har sai an ja shi. Kofur ɗin ya ce, “Madam, ki fitar da oga daga garin nan. Wata rana ba za mu dawo da shi ba.”

Ban yi wasa ba. Na aika wa yayana a Zariya, ya shiga ya fita, ya ga wannan ya roƙi wancan, har Allah ya sa aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa gida. Ranar har guɗa na yi a ɗaki. Shi kuwa sai ya fara ja. Bari damina ta wuce. Bari a cire masara. Na ce wace masara, Yallaɓai? Gonakin Dogon Dawa da Kazage rabinsu sun koma daji, kai kuma ko kuyya ɗaya ba ka da ita. Da na ga zai mayar da ni mahaukaciya sai na kai ƙara wurin Inna, na zauna a gabanta na yi kuka. Ta kira shi ta ce, “Ɗana, ka bi iyalinka. Abin da Allah ya rubuta ba mai gogewa. Ni ban riƙe ka da komai ba.” Ya durƙusa ya daɗe kansa a ƙasa, sannan ya ce to.

Aka tsayar da rana. Shirin shi ne zai yi rakiyarsa ta ƙarshe da safen, mu muna cikin ayari, in an kai gadar ya miƙa wa kofur bindiga ya shigo motarmu mu wuce Kaduna, daga can Zariya. Na kama masa kujerar gaba, na ɗora jakarsa a kai. Amma na san mijina. Yadda ya yi sallama da Inna bai yi mini kama da ta mai tafiya ba, ko kuka ba ta yi ba balle shi. Sai na ce a raina, to, ai ni ma ba a daji aka haife ni ba. Tunda al'ada ce ta ɗaure shi, da ita zan ja shi. Mai rakiya ba ya juyawa sai an sallame shi, ni kuwa ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan sallame shi ba. In ya ga dama ya raka ni har ƙofar gidan ubana.

Tunda muka zo garin ban ƙara bin hanyar ba sai ranar. Daga barin gari motar ta yi tsit, direba ya kashe rediyo, kowa bakinsa na motsi. Ciyawa ta rufe gefen titi ta fi tsayin mutum. Muka yi ta wuce ƙauyukan da ba kowa, rumbuna a buɗe, ga gawarwakin motoci an ƙone sun yi tsatsa. 'Yata tana kan cinyata a jikin taga, na danne mata kai ƙasa, tana ta mutsu-mutsu wai ita sai ta ga motar Abbanta. Da aka ce ga gadar har na ɗaga kai ina neman wani abu babba. Ashe 'yar kwalbati ce, ruwan da ke bi ta ƙarƙashinta ko idon sawu bai kai ba.

Na Kaduna sun riga mu isowa. Ayari ya tsaya, na hango shi ya sauko daga motar sintiri, bindiga a kafaɗa, kofur na biye da shi. Ya zo gefenmu, bai buɗe ƙofar gaba ba, sai ya tsaya a tagarmu ya dafa ƙofa.

“Malama, kun ga yau hanya da kyau.”

“Ga kujerarka can, jakarka na kai,” na ce.

Ya juya ya kalli daji. Ya sake kallona. “Malama…”

Na kafe idona a ƙeyar direba. Na san abin da yake jira, kalma biyu ce, na datse haƙorana a kansu. Motocin gaba suka fara motsi. Direba ya leƙo ya ce, “Yallaɓai, za a shiga ne? Kada a bar mu a baya.” Direba ya saki birki, mota ta fara gangarawa a hankali, shi kuma ya fara takawa a gefenta, hannunsa a kan ƙofa. Muka hau gadar yana biye. Muka sauka daga gadar yana biye. Ta wutsiyar ido na ga abin na ci. Igiyar bindigar ta zamo daga kafaɗarsa zuwa gwiwar hannu, kofur ya matso ya miƙa hannu zai karɓa. Hannun maigidana ya bar tagarmu ya kai ga marfin ƙofar gaba. Wallahi tallahi har na ji ƙarar buɗewarta.

Yarinyar nan ta ɗago ta dube ni. Ta dubi ubanta, babba, yana tafiya a ƙasa cikin rana, gumi na zuba a wuyan kakinsa, mu kuwa muna zaune. Ta sake dubana ta ga ban ce komai ba. Ta ɗauka mantawa na yi. Sai ta gyara zama, ta sassauta murya yadda na koya mata, ta ce:

“Abba, ka koma haka. Mun gode.”

Na kai hannu na toshe mata baki, amma ina, magana ta riga ta fita. Ya tsaya cak. Ya mayar da ƙofar ya rufe a hankali. Sannan ya sunkuyo ya yi mata murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun kafin a tare ayarin nan.

“To Mamana. Allah ya kiyaye hanya.”

Ya mayar da igiyar bindigar kafaɗarsa. Na ƙwala masa kira, na ce wa direba ya tsaya, na ce don girman Allah ya tsaya, amma ayari ba ya jiran kowa a wurin nan, fasinjoji suka yo caa a kaina, direba ya taka mota. Na waiga ta gilashin baya na gan shi yana haye gadar, kofur ya ɗora hannu biyu a ka.

Yana can har yau. Canjin wurin aikin ya bi ruwa, jakarsa tana kan sif ɗina a Zariya ban buɗe ta ba. In ya samu sabis ya kira mu, ya ce hanya da sauƙi, Inna na gaishe ni, har yanzu ita ke dama masa koko. Duk wayar da ta shigo mini da lambar da ban sani ba sai na zauna kafin in ɗauka.

A motar nan kuwa, bayan na gaji da kuka na yi shiru, sai na ji ana jan gefen mayafina. Yarinyar ce, ta zuba mini ido, tsoro ya cika ta, ga shatin yatsuna a kumatunta.

“Umma, ba daidai na faɗa ba?”

Na gyara mata ɗankwali na ce, “Daidai kika faɗa.”